Yadda ake gane ƙaramin tsuntsun da ba ka sani ba a kurmin kan dutse

Wanda ya saba kallon tsuntsaye a fadamun Kano ko gonakin Zariya, ranar da ya fara shiga kurmin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin Mambila zai ga aikin ya sauya masa gaba ɗaya. A fili, tsuntsu yakan sauka kan wayar lantarki ko reshen gawo, rana na haska shi, ka kalle shi son ranka. A kurmin kan dutse kuwa inuwa ce ko'ina, ga hazo da safe, ga ganye ya rufe sama da ƙasa. Sau da yawa abin da za ka samu bai wuce daƙiƙa uku zuwa biyar ba, wani ɗan abu kore-kore ya gilma, ya ɗan tsaya, ya shige. Duk aikin yana kan yadda za ka ci moriyar waɗannan daƙiƙu.

Wuraren da nake nufi su ne kurmukan da ke saman tsaunukan gabashin Najeriya: Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, da tuddan gandun dajin Gashaka-Gumti inda Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya da mita 2,419, sai kuma Obudu a jihar Kuros Riba. Jerin duwatsu ɗaya ne da na yammacin Kamaru, shi ya sa akwai tsuntsayen da in ba a nan ba, babu inda za ka gan su a ƙasar. Dabarar dai tana aiki a kowane kurmi, har a Amurum da ke kusa da Jos.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa shi ne na farko. Nemi mai lamba 8x42, ko 8x32 in kana son mara nauyi. Lambar farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita, wato yawan hasken da yake sha. Sabon shiga yakan ɗauka wanda ya fi jawo abu shi ya fi kyau, ya je ya sayo mai 12 ko 16. A kurmi wannan wahala ce: filin da yake nunawa ƙanƙane ne, hannu na rawa hoton na rawa, kafin ka lalubo reshen tsuntsun ya tafi. In babu madubi, kada ka fasa. Zauna a bakin kurmi kusa da itacen da ke fure ko 'ya'ya, tsuntsayen za su matso har inda ido zai wadatar.

Sai ƙaramin littafin rubutu da fensir. Fensir nake cewa, domin biro ba ya kama takardar da ta sha laima, kuma a Mambila raɓa kaɗai ta isa ta jiƙa maka komai. Saka su a leda.

Wayarka za ta yi ayyuka uku: ɗaukar murya, nuna tsayin wurin daga teku, da ɗaukar hoto in an samu hali. Cika ta da caji, ka riƙe abin cajin tafi-da-gidanka, kuma duk abin da kake bukata daga intanet ka sauke shi tun a gari, don a cikin kurmi ba a dogara da sabis.

Littafin da masu wannan harka suka fi riƙewa a yankinmu shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey. Da Turanci yake, don haka sunayen da zan kawo a ƙasa na Turanci ne, saboda ka iya nemo su. In ba ka da shi, manhajar Merlin kyauta ce, tana da hotuna da muryoyi.

Tufafi masu duhu, kore ko ruwan ƙasa. Farar riga tana tona ka tun daga nesa. Rigar sanyi dole ce, haka rufaffen takalmi da doguwar safa da za ka cusa ƙafar wando a ciki saboda kwarkwasa. Kada ka shiga kai kaɗai. Nemi izinin masu kula da wurin, ka ɗauki ɗan jagora daga mutanen yankin. Ba hanya kaɗai ya sani ba, ya san itacen da ke fure a wannan makon.

1. San waɗanda ke wurin tun kafin ka je

Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900. Ba za ka iya auna ɗan tsuntsun da ka hanga da dukansu ba, kuma babu bukata. A daren da za ka fita, buɗe eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke shigar da abin da suka gani, ka nemi jerin tsuntsayen da aka taɓa gani a wurin, ko ka bi taswirorin da ke cikin littafi ka sa alama da fensir a kan duk wanda launin taswirarsa ya taɓa tsaunukan kan iyakar Kamaru. Ƙananan da za su rage ba su da yawan da zai firgita ka. Kalli hotunansu sau biyu ko uku, ba don ka haddace ba, don dai idonka ya yi sabo da su.

Ka shiga da sassafe. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 10 ne suke kai-komo da kuka. Ranar da hazo ya rufe, fara da bakin kurmi ta gefen da rana ta fara bugawa, ka bar cikin sai gari ya washe.

2. Tsaya cik, ka sa shi a madubi

Da ka ga motsi, daina tafiya. Kada ka nuna da yatsa, kada ka ɗaga murya. Kafe idonka a kan wurin, sannan ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuyar da kai ka kalle shi ba. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace muhimmanci a hannu, kuma a gida ake koyonta: zaɓi ganye ɗaya a bishiyar ƙofar gida, ka yi ta ɗago madubi kansa har ya zamana kana dacewa da shi kai tsaye.

Ka riga ka saita madubin tun kafin shiga. Rufe gilashin dama, ka juya babban abin saitin da ke tsakiya har abu ya fito sarai a idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka juya ɗan zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. Daga nan ba ka sake taɓa zoben. In kana tafe cikin kurmi, bar saitin a kan nisan taku goma, nan ne mafi yawansu suke bayyana.

In ya shige cikin ganye, kada ka bi shi. Tsaya inda kake minti biyu ko uku. Ƙananan tsuntsaye masu kiwo sukan sake ɓullowa kusa da inda suka ɓace. Kuma muddin yana gabanka, hannunka ba ya zuwa ga littafi ko waya. Littafi ba zai tashi ba, tsuntsun ne zai tashi.

3. Girma, siffa, da baki

Kowa launi yake fara kallo, amma a kurmi launi ne ya fi yaudara. Fara da girma, kuma ka auna shi da tsuntsayen da ka sani tun kana yaro. Kanari bai wuce santimita 12 ba, gwara wajen 15, koji kusan 19, kurciya wajen 25. Tambayi kanka: ya kai gwara ko bai kai ba? Ka sani cewa hazo da duhu suna ƙara wa abu girma a ido, kuma tsuntsun da ke jin sanyi yakan bushe gashinsa ya zama dunƙule. In akwai ganye ko wani tsuntsu kusa da shi, auna da su.

Daga nan sai baki. In daƙiƙa ɗaya kawai za a ba ni, baki zan kalla, domin shi ke faɗin dangi. Dogo siriri mai lanƙwasa, sha-zuma ne. Gajere mai kauri a gindi, mai cin tsaba ne, dangin marai ko kanari ko ƙananan masu cin irin ciyawa. Siriri miƙaƙƙe mai tsini, mai tsintar ƙwari ne a jikin ganye. Mai faɗi a gindi da 'yan gasu a gefensa, mai cafkar ƙwari ne a iska. Mai ƙarfi da ɗan ƙugiya a ƙarshe, dangin suda ne.

Sai bindi: dogo ne ko guntu, a ɗage yake ko a sauke, yana kaɗa shi gefe da gefe ko yana baza shi. Sai zama: a miƙe yake zaune ko a kwance da jikin reshe. Waɗannan ana ganinsu ko da tsuntsun baƙi ƙirin ya bayyana saboda hasken sama na bayansa.

4. Ina yake, me yake yi

Kurmi hawa-hawa ne, kuma kowane tsuntsu da hawansa. Akwai na ƙasa masu tonon busasshen ganye, akwai na cikin sarƙaƙiya daga gwiwa zuwa tsayin mutum, akwai na tsakiya, akwai na ƙololuwa da wuyanka zai yi ciwo kafin ka gan su. Akwai kuma na bakin kurmi, inda itatuwa suka haɗu da ciyawa. Wannan bambanci na ƙarshe yana da girma a Mambila, domin kurmukan tsibirai ne a tsakiyar makiyaya, taku ashirin ya isa ya fitar da kai daga duniyar wasu tsuntsaye zuwa ta wasu. Chubb's Cisticola, mai jan kai da bayansa ruwan ƙasa babu zane, a ciyayin bakin kurmi za ka same shi, biyu ko uku suna kuka tare suna karkaɗa jiki. Ba za ka neme shi a can cikin duhu ba.

Lura da aikin da yake yi. Wanda ya zauna a miƙe kan busasshen reshe, ya tashi ya cafki ƙwaro ya dawo wurin da ya bari, ka riga ka san danginsa ko da launinsa toka-toka ne babu wata alama. A wannan tsayi, African Dusky Flycatcher ne ya fi yin haka. Wanda ke rataye a jikin fure yana zura baki, sha-zuma ne. Waɗanda ke tafe garke guda suna 'yar ƙara siririya, kore da rawaya, kowanne da farin zobe kewaye da ido, su ne littafi ke kira White-eye.

Wani lokaci kurmin zai yi tsit na rabin awa, sai kawai ka ji ya cika da motsi ta ko'ina. Ayarin kiwo ne, nau'i daban-daban suna tafiya tare. Nan ne sabon shiga yake ruɗewa, ya yi ta yawo da madubi daga wannan zuwa wancan, ayarin ya wuce bai ga ko ɗaya da kyau ba. Zaɓi guda, ka gama da shi, sannan ka koma kan wani. In kuma ka ci karo da rundunar kwarkwasa tana ratsa hanya, ja da baya taku biyar ka tsuguna. Ƙwarin da suke kora suna jawo tsuntsayen ƙasa masu kunya, waɗanda ba ka cika ganinsu a fili ba.

Duba wayarka ka ga tsayin wurin. Ngel Nyaki yana tsakanin mita 1,400 da 1,600. Tsuntsaye da yawa da ke kama da juna sun rabu ne ta nan, ɗaya a kurmin gindin dutse wajen garin Serti, ɗan'uwansa a sama.

5. Yanzu ka kalli launi, daga baki zuwa bindi

Bi shi a jere, kullum tsari ɗaya, har ya zame maka jiki: baki, goshi da saman kai, gira, ido, kunci, maƙogwaro, ƙirji, kwiɓi, ciki, gadon baya, fiffike, bindi, ƙafa. Kana kallo kana faɗa a hankali da bakinka, "kai toka, maƙogwaro fari, baƙin layi a ƙirji." Abin da baki ya furta ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

Abin da kake nema shi ne iyaka, wato inda wani launi ya ƙare wani ya fara. "Kore ne" ba ya kai ka ko'ina, rabin tsuntsayen kurmi kore ne. "Kansa toka ne, tokar ta sauko har ƙirji, daga nan rawaya ta karɓa" ya kusa ba ka suna. Kan tsuntsu ne ya fi ɗaukar alamu: akwai gira mai haske ko babu, akwai baƙin layi da ya ratsa ido, akwai zobe, ƙwayar idon fara ce ko baƙa. Rashin alama ma alama ce. In ka duba fiffike ka ga babu ratsi, riƙe wannan.

Hasken da ya ratso ganye kore ne, yana shafa wa farin ciki kore, ya mai da toka kamar ruwan ganye. Gashin namijin sha-zuma mai walƙiya kuwa baƙi yake bayyana a inuwa, sai ya juya rana ta taɓa shi ka ga kore ko shuɗi ya tashi. Don haka kada ka yanke hukunci da kallo ɗaya, jira ya juya. In yana tsakaninka da sararin sama, matsa a hankali har ganye mai duhu ya zama a bayansa. Kuma in ka ga ɗan rawaya ko ruwan goro a goshin mai shan fure, yana iya zama garin fure ne ya manne masa.

6. Saurara, ka ɗauki muryar

A kurmi abin da kunne ke kamawa ya ninka abin da ido ke gani. In tsuntsun na kuka, ka lura da abu huɗu: siririya ce muryar ko mai kauri, hawa take ko sauka, gaɓa nawa ce, kuma maimaitawa yake ko sauyawa. Ka kuma tabbata wanda kake kallo shi ne mai kukan. Duba bakinsa da maƙogwaronsa suna motsi. An sha liƙa wa tsuntsu muryar maƙwabcinsa da ke ɓoye a bayan ganye.

Wani kukan ma na tsuntsu biyu ne. Yellow-breasted Boubou, mai baƙin baya da ƙirji rawaya shar, namiji yakan yi fito mai ƙarfi, macen ta amsa da wata ƙara mai kaushi nan take, har ka rantse baki ɗaya ne.

Wajen ɗauka, buɗe abin ɗaukar murya na waya, ka juya ƙasan wayar inda makirfo yake zuwa ga tsuntsun, ka daina motsi gaba ɗaya. Takun ƙafa da shafar riga sun fi kukan ƙarfi a cikin abin da za ka ɗauka. Bar shi ya yi kamar minti ɗaya. A ƙarshe ka faɗi rana da lokaci da wuri da bakinka, don kada su cakuɗe maka daga baya. Merlin tana iya sauraron kuka ta ba da suna, amma sanin da ta yi wa tsuntsayen tsaunukan Afirka bai kai na Turai da Amurka ba. Ɗauki amsarta a matsayin shawara, ka je shafin xeno-canto ka saurari muryoyin da wasu suka ɗauka ka gwada da taka.

Akwai masu kunna kukan tsuntsu a waya don su jawo shi fili. Ni ba na so, kuma ba na ba sabon shiga shawarar yi. Tsuntsun yana ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, ya bar kiwo, ya bar sheƙa, ya yi ta zarya yana neman faɗa. A kurmi ƙarami irin waɗannan, inda wasu nau'in ba su da wani wurin zuwa, ganinka na minti ɗaya bai kai wannan ba.

7. Rubuta kafin ka buɗe littafi

Da ya tafi, fensir za ka ɗauka. In ka fara buɗe littafi, hoton da ke ciki zai hau kan abin da ka gani, ka soma "tuna" farar girar da ba ka taɓa gani ba. Zana ƙwai biyu, babba na jiki ƙarami na kai, ka sa baki da bindi, ka ja kibiyoyi kana rubuta launi. Ba gwanintar zane ake nema ba. Ga misalin yadda shafin zai kasance:

"7:40 na safe, bakin rafi cikin kurmi, mita 1,550. Bai kai gwara ba, siriri. Baki siriri, miƙaƙƙe, baƙi. Sama toka. Maƙogwaro fari, baƙin layi ya ratsa ƙirji, kwiɓi ja-ja ruwan makuba. Bindi dogo, a ɗage, yana kaɗa shi gefe da gefe, akwai fari a gefensa. Su biyu, cikin sarƙaƙiya, tsayin ƙirjina. Ƙafa: ban gani ba."

Wannan "ban gani ba" yana da daraja daidai da sauran. Kada ka cike gurbi da zato. In hannunka ya ƙage saboda sanyi ko ruwa na zuba, faɗi duk wannan a cikin waya, ka kwafe in ka koma masauki. Hoto kuma, ko da dishi-dishi ne, ɗauka. Ana iya manna kyamarar waya a idon madubi, amma sai bayan ka gama kallo, ba kafin ba.

8. Buɗe littafi, ka tankaɗe

Kamar tankaɗen gari ne, ana farawa da rariya mai manyan ido. Baki da siffa sun ba ka dangi, sai ka je shafukan wannan dangi kaɗai. Cikinsu ka zubar da duk wanda taswira ta nuna ba ya zuwa yankin. Cikin sauran ka zubar da wanda mazauninsa bai dace ba, na fadama ko na busasshen daji. Sai lokacin shekara. Abin da ya rage, biyu ne ko uku, su za ka gwada da rubutunka layi-layi, kuma ka karanta bayanin da ke gefen hoton, domin nan marubutan suke faɗin abin da ya raba shi da mai kama da shi.

Misalin da ke sama yana da sauƙi. Siririn baki da dogon bindi a ɗage sun kai ka shafukan Apalis, baƙin layin ƙirji da jan kwiɓi a wannan tsayi sun tsayar da kai kan Black-collared Apalis.

Kada ka tsaya a hoton farko da ya yi kama. Tambayi kanka me ya hana ya zama na kusa da shi. In alama ɗaya a rubutunka ta saɓa, kada ka danne ta don sauran sun dace. Kuma ka fara zaton na kullum kafin na nadiri. Kowa yana son ya ce ya ga Bannerman's Weaver, kuma yana nan a bakin kurmukan Mambila da Obudu, amma ba kowane marai mai rawaya ba ne shi. Nasa baƙin ya rufe fuska da haɓa, saman kai rawaya, baya kore, ido mai haske. Spectacled Weaver, wanda ya fi shi yaɗuwa nesa ba kusa ba, siririn baƙin layi ne ya ratsa idonsa, namijin kuma yana da baƙi a maƙogwaro.

9. Waɗanda suka fi ba da wuya

Dangin Greenbul, 'yan'uwan koji na kurmi, su ne ke sa ƙwararru ma su yi shiru. Girmansu kusan ɗaya, duk kore mai duhu. Kai da maƙogwaro za ka kafa wa ido. Western Mountain Greenbul, wanda za ka fi haɗuwa da shi, kansa da maƙogwaronsa toka ne, ciki rawaya-rawaya. Cameroon Greenbul kore ne tun daga kai har bindi, babu tokar. Cameroon Olive Greenbul ya fi karkata ga ruwan ƙasa, bindinsa ja-ja, maƙogwaro fari-fari, kuma ƙungiya-ƙungiya suke yawo a ƙasa-ƙasa, sau da yawa kusa da rafi. A Obudu akwai Grey-headed Greenbul, shi ma kai toka, amma maƙogwaronsa fari ne kuma ya fi girma. Ka ga ke nan in ba ka ga maƙogwaro ba, ba ka gama ba.

Sha-zuma maza ba su cika wahalarwa ba in haske ya samu. Northern Double-collared Sunbird kansa da bayansa kore ne mai walƙiya, da siririn layi shunayya a ƙirji, sai faffaɗan ja a ƙarƙashinsa. Cameroon Sunbird kansa shuɗi ne mai duhu, jikinsa kore har ciki, kuma cikin ne ya raba shi da Green-headed Sunbird wanda nasa toka ne. Matan ne matsala, yawancinsu kore-kore ne babu ado. Dubi tsawon baki da lanƙwasarsa, ka kuma jira ka ga namijin da take tare da shi. Wannan ma shaida ce, ba hujja ba, don itace ɗaya mai fure yakan tara nau'i uku.

'Ya'yan da ba su daɗe da barin sheƙa ba sukan fita daban da iyayensu. Alamarsu gefen baki mai laushi rawaya, guntun bindi, da ɗige-ɗige a jikin wasu. In ka ga yana karkaɗa fiffike yana buɗe baki, dakata, mai ciyar da shi na tafe, shi zai faɗa maka ko wane ne.

Daga wajen Oktoba zuwa Afrilu kuma akwai baƙi daga Turai. Ɗan siririn tsuntsu mai gira mai haske da ke tsintar ƙwari a bakin kurmi a watan Janairu yana iya zama Willow Warbler. A watan Yuli kuwa kusan ka cire shi daga lissafi.

10. In ya gagara

Zai gagara, sau da yawa ma. Rubuta iya inda ka kai: "Greenbul, ban tantance ba." eBird ma ta tanadi gurbin shigar da irin wannan. Sunan da aka ƙaƙaba yana shiga jerin wurin, wani ya zo ya dogara da shi, masu bincike su ɗauka nau'in yana inda ba ya nan. A kurmukan da noma da kiwo da gobarar daji ke ci daga gefe, wannan jerin yana cikin abin da ake kafa hujja da shi wajen kare su, bai kamata a gurɓata shi ba.

Koma wurin gobe a daidai lokacin. Yawancin tsuntsayen kurmi mazauna ne, suna da iyakarsu, kuma wannan karon ka san abin da za ka duba, maƙogwaro ne ko ƙafa ko kuka.

In za ka tambayi wani, ba shi komai: rana, wuri, tsayi, zanenka, muryar, hoton ko da mara kyau ne. Faɗi abin da ka gani kafin ka faɗi abin da kake zato, don kada ka ja ra'ayinsa. Ma'aikatan tashar bincike da ke Ngel Nyaki sun san tsuntsayen kurminsu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Amurum kusa da Jos ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda masu sa kai ke tura wa bayanai ta manhajar BirdLasser, kuma akwai ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye a jihohin Arewa da ke cikin aikin. In amsa ta zo, koma shafin ranar ka rubuta sunan a ƙasan zanen, tare da alamar da ta raba gardama da sunan wanda ya tabbatar maka.